Me ɗaliban sakandare suke yi bayan an tashi aji a shekarun 1940 zuwa 1960?

MalaminAjiUku:
Assalamu alaikum. Ni malami ne a wata sakandaren gwamnati, kuma a wannan zangon karatu shugaban makarantarmu ya ɗora mini nauyin farfaɗo da ƙungiyoyin ɗalibai, waɗanda sunayensu kaɗai suka rage a allon sanarwa. A taron malamai wani abokin aikina ya ce wahalar banza zan yi, domin a cewarsa ɗaliban da ake ta yabo, wato na shekarun 1940 zuwa 1960, ba su san komai ba sai karatu da bulala, kuma shagulgulan makaranta da ƙungiyoyi duk daga baya muka kwaikwayo su daga Amurka. Maganar ba ta kwanta mini ba. Shi ya sa nake roƙon dattawan wannan zaure da masu nazarin tarihi su bayyana mana abin da ɗalibin sakandare a Arewa yake yi daga tashi aji zuwa kwanciya barci, da kuma ranakun Asabar da Lahadi. Shin akwai bukukuwa da ƙungiyoyi a lokacin, kuma idan akwai, wa yake tafiyar da su?

Dattijon_Tudunwada:
Wa alaikumus salam, Malam. Abokin aikinka bai san zamanin da yake magana a kansa ba. Na shiga sakandaren lardinmu a ƙarshen shekarun 1950, lokacin da ba a daɗe da mayar da makarantun midil zuwa sakandare ba, kuma abin da zan fara gaya maka shi ne, a wurinmu wasa da ƙungiya ba zaɓi ba ne, suna cikin jadawali kamar yadda lissafi da Ingilishi suke ciki.

Ƙararrawa ce take tashinmu da asuba. Bayan salla sai shara da gyaran gado, sannan karin kumallo, sannan aji har zuwa azahar. Idan an ci abincin rana akwai hutun dole, wanda kowa zai kwanta a gadonsa ko yana jin barci ko ba ya ji. Da an idar da sallar la'asar kowane ɗalibi zai fita fili, kuma wanda aka samu a ɗaki ba tare da takardar asibiti ba ya san abin da zai biyo baya. Ranaku a rabe suke tsakanin ƙwallon ƙafa, hoki, kurket, guje-guje da tsalle-tsalle, sai yamma guda da aka ware wa ƙungiyoyi irin su sikawut, Red Cross da ƙungiyar matasa manoma, wadda take da gonarta da kajinta a bayan makaranta. Bayan isha sai karatun dare, sannan a kashe fitila.

Safiyar Asabar ta duba tsabta ce. Shugaban makaranta da malamin gida za su bi ɗaki-ɗaki suna duba gado, akwati, farce da haƙora, suna ba kowane gida maki. Daren Asabar kuwa shi ne daren da muke ɗoki. Wani makon muhawara ce, wani makon wasan kwaikwayo ko kacici-kacici tsakanin gidaje, wani lokaci kuma motar majigi ta gwamnati ta zo a kafa farin ƙyalle a fili, a nuna mana labaran duniya da finafinan tsabta da noma. Ranar Juma'a muna tafiya masallacin gari a jere cikin fararen kaftani da huluna, kuma bayan an sauko ana ba mu 'yan sa'o'i mu gaida 'yan uwa ko mu kashe ɗan sisin da muke da shi a kasuwa. Wanda ya ce wannan rayuwa karatu ne da bulala kawai, to labari aka ba shi.

Bakatsine_Mai_Nazari:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Tsarin da ya bayyana yana da asali, kuma asalin ba Amurka ba ce, makarantun kwana ne na 'ya'yan masu hali a Ingila. Kwalejin Katsina, wadda aka kafa a 1921, a kan wannan salo aka gina ta: a raba ɗalibai gida-gida, a naɗa manya daga cikinsu su riƙa kula da ƙanana, a kuma ɗauki filin wasa a matsayin wurin gyaran hali. Daga nan ne tsarin ya bazu, domin ɗaliban Katsina su ne suka zama malaman makarantun midil na larduna, suka tafi da abin da suka gani.

Babbar shaida ita ce wasan Fayif, wanda mutum biyu suke karawa da mutum biyu, suna buga ƙaramar ƙwallo da tafin hannu a jikin bango mai ɓangarori uku. Wasan makarantar Eton ne ta Ingila, kuma wani malamin Bature, S. J. Hogben, shi ya kawo shi Arewa a shekarun 1920. Sardauna Ahmadu Bello, wanda ya kammala Kwalejin Katsina a 1931, ya ƙware a wasan kuma bai bar shi ba har yana Firimiya. Har yau ana buga shi a Katsina da Sakkwato da Birnin Kebbi, ana kuma gasar kofin da aka sa wa sunan Sardauna. Wasan da ko a Ingila makarantu ƙalilan ne suke yin sa ya zama wasan gari a nan, kuma ta ƙofar makaranta ya shigo.

DanBarewa:
Ina so in ɗora a kan bayanin Bakatsine, saboda mutane suna yawan rikita sunayen makarantar. Makaranta guda ce ta yi ta ƙaura. An mayar da ita Kaduna a 1938 ta zama Kwalejin Kaduna, sannan aka kai ta Zariya a 1949, daga baya ta zama Kwalejin Gwamnati ta Zariya, kuma sai a 1971 ta karɓi sunan Barewa. Saboda haka duk wanda ya yi ta a shekarun da Malam yake tambaya, ko dai a Kaduna ya yi ta ko a Zariya. A shekarar 1949 ɗin ce kuma aka buɗe Kwalejin Gwamnati ta Keffi.

Sunayen gidajen Barewa kansu darasi ne: Lugard, Clifford, Ɗan Hausa, Malam Smith, Bienemann, Mort, Bello Kagara da Nagwamatse, daga baya aka ƙara Ja'afaru da Suleiman Barau. Yaro daga Borno da yaro daga Ilori da yaro daga Sakkwato za su haɗu a gida ɗaya, su yi gudu domin gida ɗaya, su sha horo tare idan gidan ya zo na ƙarshe a tsabta. Idan tsofaffin ɗalibai suka haɗu, tambayar farko ita ce wane gida ka zauna, kafin a zo kan wace shekara ka fita.

Sabon_Shiga:
Ina neman ƙarin haske, Baba Dattijo. Idan har an tilasta wa kowa fita wasa da shiga ƙungiya, shin za a kira wannan nishaɗi, ko kuwa wani nau'in horo ne kawai da aka sauya wa suna?

Dattijon_Tudunwada:
Ɗana, duka biyun ne. An tilasta mana fita, amma ba a tilasta mana ihun da muke yi idan gidanmu ya ci ƙwallo ba. Kuma malamai ba su cika sa baki a shirin daren Asabar ba. Sakataren ƙungiyar muhawara ɗalibi ne, shi yake zaɓo batu, ya liƙa sanarwa, ya rubuta bayanin zama a littafi, a karanta a zama na gaba a amince da shi. Ni a can na fara sanin cewa idan shugaban zama bai ba ka izini ba, ba ka magana, ko da kai ne babban ɗalibin makaranta.

Baƙo_a_Chicago:
Tunda an ambaci Amurka, bari in faɗi yadda abin yake a nan, domin a ga cewa hanyoyin biyu ba su haɗu ba. Sakandaren gwamnati a Amurka a shekarun 1950 ta jeka-ka-dawo ce, maza da mata a aji ɗaya, kuma yawancin matasan gari suna cikinta. Saboda haka shagulgulanta na gari ne baki ɗaya. Akwai babbar rawar ƙarshen shekara da suke kira prom, inda saurayi yake gayyatar budurwa su je cikin kwat da doguwar riga. Akwai bikin dawowar tsofaffin ɗalibai a lokacin kaka, wanda ake haɗa shi da wasan ƙwallon Amurka da fareti da naɗa sarauniyar biki. Akwai raye-rayen da ake yi a zauren motsa jiki, inda ake sa yara su cire takalma don kada su ɓata daɓen katako. Kowace shekara kuma ɗalibai suna buga littafin hotunan 'yan ajin ƙarshe da na ƙungiyoyi.

Sai dai hotunan da ake gani ba su nuna komai ba. A jihohin kudancin ƙasar makarantun farare daban ne, na baƙaƙe daban, har kotun ƙoli ta haramta hakan a 1954. Ɗalibai baƙaƙe tara da suka shiga babbar sakandaren Little Rock a 1957 bisa rakiyar sojoji, an bar su su zauna a aji amma an hana su shiga wasanni da ƙungiyoyin makarantar. Wannan ya nuna irin nauyin da ake ba waɗannan harkoki, tunda su ne aka fi ƙyashin a haɗa kowa a cikinsu. Malaman Amurka ba su zo makarantun Najeriya da yawa ba sai da shirin 'yan sa-kai na Amurka, wato Peace Corps, ya fara a 1961, kuma a lokacin tsarin gidaje da muhawara ya riga ya yi shekaru arba'in a Arewa.

Hajiya_UwarMarayu:
Na karanta duk abin da aka rubuta, kuma har yanzu maganar maza kawai ake yi. Gaskiya ne mata ba su da yawa a sakandare a wancan lokaci, amma akwai su. Makarantar Sarauniya Elizabeth ta Ilori, wadda gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe a 1956, tana karɓar 'yan mata daga dukan larduna. Kafin ita akwai makarantun mishan irin su Queen of Apostles a Kakuri, wadda yanzu ake kira Kwalejin Sarauniya Amina, da St. Louis a Kano, akwai kuma makarantun horon malamai mata a Sakkwato da Kano.

Yayata ta yi makarantar kwana ta mata a farkon shekarun 1960, kuma abin da take ba mu labari ya yi kama da na Baba Dattijo ta wani gefen, ya saɓa ta wani gefen. Suna da gidaje da shugabannin ɗalibai, suna buga ƙwallon raga, suna da ƙungiyar gaid wadda ita ce takwarar sikawut, suna da ɗinki da saƙa da girki, kuma a ranar ba da kyaututtuka ana baje kolin abin da suka ɗinka domin iyaye da manyan baƙi su gani. Amma fita gari babu ita, sai da rakiyar malama. Wasiƙa idan ta zo, uwar ɗaki ce take fara buɗewa. A wasan kwaikwayo mace ce take sa rawani da gemun auduga ta fito a matsayin alƙali, kamar yadda a makarantun maza namiji yake ɗaura zane ya fito a matsayin amarya.

Abin da ta fi tunawa shi ne daren da ake barin kowace ƙabila ta yi wasanta. 'Yan matan Hausa su yi gaɗa, Nufawa su yi nasu, Tibi da Yarbawa da Kanuri su yi nasu, har kowa ta iya waƙar 'yar uwarta. Abin baƙin cikin shi ne, duk dawowa daga hutu sai an ga gado ɗaya ko biyu babu mai shi, domin an ɗaura mata aure a gida. Wanda zai yabi wancan zamani ya haɗa da wannan a lissafinsa.

Mai_Ra'ayin_Talaka:
Hajiya ta taɓo inda nake so in tsaya. Ina girmama dattawanmu, amma ina ganin ana yi wa wannan tarihi kwalliya fiye da kima. Su wane ne suke shiga waɗannan makarantu? Lardi guda mai ɗimbin jama'a yana da sakandare ɗaya, kuma En'e, wato hukumar gargajiya ta sarki, ita ce take da babban hannu wajen tura yara tun daga elemantare. Abin da ake kira gyaran hali shiri ne na samar da ma'aikatan da za su yi wa Razdan da Di'o, wato jami'an mulkin Turawa, biyayya. An sa wa gidajen kwana sunan Lugard, mutumin da ya ci ƙasar da yaƙi, aka kuma sa jikokin waɗanda aka yaƙa suna yi wa sunan kirari a filin gudu. A makarantu da yawa ana hukunta yaro idan an ji yana Hausa a ranakun da aka hana. Langa da kokawa da dambe, waɗanda yaran suka tashi da su, an bar su a bakin ƙofa, aka miƙa musu sandar kurket. Idan Malam zai farfaɗo da wani abu, ya fara tantance ko wannan ne yake so ya farfaɗo da shi.

Bakatsine_Mai_Nazari:
Malam Mai Ra'ayi, ban musa niyyar Turawa ba, amma abin da aka shuka daban, abin da ya tsiro daban. Malam Aminu Kano, wanda ya kammala Kwalejin Kaduna a 1942, tun yana ɗalibi yake rubuta wasannin kwaikwayo da Hausa waɗanda suke sukar zalunci da cutar talaka, kuma da ya zama malami a Midil ta Bauchi ya ci gaba da amfani da wasan kwaikwayo da harkokin bayan aji wajen wayar da kan ɗalibansa. A Bauchin ne shi da Malam Sa'adu Zungur da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa suka kasance cikin zauren tattaunawar da aka kafa a 1943, wanda hukuma ta rufe bayan muhawarorinsa sun fara taɓa tsarin mulkin En'e. Alhaji Shehu Shagari, wanda ya bar Kwalejin Kaduna a 1944, yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar matasa a Sakkwato jim kaɗan bayan haka, kuma irin waɗannan ƙungiyoyi ne suka haɗu suka haifi Jam'iyyar Mutanen Arewa.

Mutanen nan ba daga sama suka iya tsara taro, rubuta ƙuduri da ƙidaya ƙuri'a ba. A zauren muhawarar makaranta suka koya. An koya musu ne domin su iya Ingilishi, su kuwa suka yi amfani da shi wajen tambayar wanda ya koya musu ranar da zai tafi. Kuma ka lura cewa makaranta ɗaya ce ta fitar da Sardauna da Malam Aminu, waɗanda suka zama shugabannin ɓangarori biyu masu hamayya.

Mai_Ra'ayin_Talaka:
Wannan hujja ce mai ƙarfi, amma tana iya zama tawa. Idan shugaban gwamnati da jagoran 'yan hamayya duk daga makaranta ɗaya suka fito, to hakan yana nuna ƙanƙantar da'irar da ake zaɓo masu faɗa a ji daga cikinta. Sauran yaran ƙasar, waɗanda suke makarantun allo da gonaki, babu wanda ya gayyace su muhawarar.

Jikan_Hedimasta:
Malam ya tambayi bukukuwa, kuma ba a ba shi cikakkiyar amsa ba. Babban bikin makarantu kafin mulkin kai shi ne Ranar Daular Ingila, 24 ga Mayu, wato ranar haihuwar Sarauniya Victoria. Makarantun gari suna yin fareti a gaban Razdan da Sarki, a karanta saƙo, a yi tsere da jan igiya da gudun buhu, sannan a ci shinkafa da nama. A 1958 aka sauya sunan ranar zuwa ta Commonwealth. Kakana, wanda ya shugabanci wata makaranta a lokacin, yakan ce makonni ake ɗauka ana koyon fareti, kuma mafi yawan yaran naman ne ya dame su, ba daular ba.

Akwai kuma ranar jawabi da ba da kyaututtuka, wadda Sarki ko wani minista yake halarta, a raba littattafai ga waɗanda suka yi fice, a miƙa garkuwa ga gidan da ya zo na ɗaya. A fagen guje-guje akwai gasar garkuwar Hussey, wadda take haɗa zaɓaɓɓun ɗaliban Arewa da na Kudu, kuma ga yaro da yawa wannan ce tafiyarsa ta farko zuwa ƙetaren kogin Kwara. Sai manyan ranaku na musamman da aka kwashi ɗalibai da 'yan sikawut domin su: zuwan Sarauniya Elizabeth Kaduna a Fabrairun 1956, bikin mulkin kan Jihar Arewa a 1959, da kuma 1 ga Oktoba 1960, ranar da aka raba wa 'yan makaranta ƙananan tutoci masu kore da fari.

Tsohon_Soja:
Kada a manta da kadet. A shekarun 1950 ana koya wa ɗaliban manyan kwalejojin gwamnati fareti da karatun taswira da riƙon bindiga, kuma shugabannin Arewa suna zagayawa makarantu suna kwaɗaitar da yara shiga aikin hafsa. Zakariya Maimalari da Yakubu Gowon da Murtala Muhammed duk kwalejin da yanzu ake kira Barewa suka yi. Gowon, wanda ya shiga soja a 1954, an san shi a makaranta da tsaron gida a ƙwallon ƙafa, da gudun dogon zango, kuma shi ne kaftin ɗin dambe. A 1954 ɗin ce aka buɗe makarantar sojan yara a Zariya. Akwai kuma sansanin horon shugabanci na Man O' War da aka fara a 1951 a gaɓar tekun Kamaru, wanda daga baya ya dawo Filato, inda ake tura matasa hawan dutse da aikin gayya. Duk mai son fahimtar tarihin ƙasar nan daga 1966 zuwa gaba, ya duba su wane ne suka yi fareti tare suna 'yan shekara goma sha shida.

DanDamagaram:
Gaisuwa daga Nijar. A wajenmu tsarin Faransa ne, kuma ya bambanta da naku. Babu gidaje masu gasa da juna, babu kurket, kuma ba a damƙa wa manyan ɗalibai ikon hukunci yadda aka yi a Najeriya, domin akwai ma'aikata na musamman masu sa ido a kan ɗalibai. Sakandare a Nijar ta yi ƙaranci ƙwarai, har waɗanda suka yi fice sai an tura su makarantar William Ponty a Senegal, inda Boubou Hama da Diori Hamani da Djibo Bakary suka yi karatu.

Abin da Ponty ta shahara da shi shi ne wasan kwaikwayo. Ana umartar ɗalibai idan sun je hutu su tattaro al'adu da tarihin garuruwansu su rubuta, daga nan kuma ɗaliban kowace ƙasa su shirya wasa da Faransanci haɗe da waƙoƙi da raye-rayen gida, a nuna a bikin ƙarshen shekara. A 1937 har Paris aka kai su suka yi wasa. Saboda haka gardamar da ake yi tsakanin Bakatsine da Mai Ra'ayi mu ma muna yin irinta, domin wasu suna cewa an sa yaran su mayar da al'adunsu abin kallon Turawa, wasu kuma suna cewa daga nan wasan kwaikwayon zamani na ƙasashenmu ya samo tushe.

Alhaji_Na_Sabongari:
Ni makarantar mishan na yi a shekarun 1960, kuma ina so in gyara zaton cewa babu rawa ko kaɗan. Muna da garmaho da faya-fayan kiɗan hailaif, kuma a wasu daren Asabar ana kunna mana a zauren cin abinci, maza zalla muna taka rawa. A shekarar ƙarshe akan gayyato 'yan ajin ƙarshe na wata makarantar mata domin muhawara, a sha shayi da biskit, a ɗan yi rawa fitilu a kunne, malamansu mata suna zaune a gefe suna kallon kowa, kuma kafin ƙarfe tara motarsu ta tafi. Ɗaliban Musulmi da yawa ba sa shiga rawar, kuma ba a tilasta musu.

Akwai kuma abin da ba a faɗa ba tukuna, wato gwale-gwalen manyan ɗalibai. Ɗan aji ɗaya yana yi wa babba wanki da guga da ɗebo ruwa, kuma a makarantarmu akwai daren da ake tara sababbin shiga a sa su waƙa da tsallen kwaɗo ana yi musu dariya. Wasu manyan suna riƙe yaransu da amana, suna koya musu karatu, har zumunci ya ɗore tsakanin iyalansu. Wasu kuwa azzalumai ne, kuma na san yaron da ya gudu gida bai sake dawowa ba. Ikon da aka ba ɗalibai a kan ɗalibai shi ya koya mana shugabanci, shi ne kuma ya ba mugu dama.

Malama_Gindiri:
Ƙarin bayani a kan ƙungiyoyin addini, tunda su ne suka fi ƙarfi a makarantu yanzu. An kafa ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSS a Legas a 1954, kuma ta ɗauki lokaci kafin ta kafu sosai a makarantun Arewa. Ƙungiyar ɗalibai Kirista ta FCS kuwa a Gindiri aka kafa ta a 1957. Wato a farkon zamanin da ake magana, addini yana hannun limamin makaranta da malamin Arabiyya ko fasto, ba a hannun ƙungiyar ɗalibai ba.

MalaminAjiUku:
Na gode ƙwarai, iyayena da 'yan uwana. Yanzu ina da abin da zan gaya wa abokin aikina. Sai dai bayananku sun jefa ni cikin wata damuwar. Duk abin da Baba Dattijo ya lissafa ya yiwu ne saboda ɗalibai suna kwana a makaranta, malamai suna zaune a cikinta, kuma adadin yaran bai wuce a san kowa da sunansa ba. Makarantarmu ta jeka-ka-dawo ce, muna tashi da azahar domin wasu ɗaliban su shigo karatun yamma a azuzuwan, yaran da yawa suna wucewa Islamiyya ko wurin koyon sana'a, kuma an yanka rabin filin wasanmu an yi gini. Wane ɓangare na wancan tsari ne zai iya rayuwa a irin wannan hali?

DanBarewa:
Tsarin gidaje ba ya buƙatar ɗakin kwana. Ka raba yaran gida huɗu, kowane gida ya haɗa 'yan aji ɗaya har zuwa aji shida, ka riƙa liƙa maki a allo duk mako a kan tsabta, zuwa da wuri da kacici-kacici. Amma kada ya zama sai lokacin gasar wasanni ta shekara ake tunawa da gidajen, kamar yadda ake yi yanzu domin a karɓi kuɗin riga.

Mai_Ra'ayin_Talaka:
Idan za a yi, a sa wa gidajen sunayen mutanen garin da suka yi wa ilimi hidima, a yi muhawara da Hausa wani makon, da Ingilishi wani makon, a kuma sa langa a cikin gasar. Kuma kada a ba wani ɗalibi ikon ɗaga hannu a kan ɗan uwansa, saboda abin da Alhaji ya faɗa.

Dattijon_Tudunwada:
Ban yarda a raba muhawarar gida biyu ba, Malam Mai Ra'ayi. Yaran nan suna jin Hausa a gida da kasuwa, kuma jarrabawar da za ta kai su jami'a da Ingilishi ake yin ta. Mu da muka tsaya gaban makaranta muna rawar murya muna haɗa jimla, mun san amfanin da hakan ya yi mana. A bar wasan kwaikwayo ya zama da Hausa, kamar yadda muka yi, muhawara kuma ta zauna da Ingilishi.

Hajiya_UwarMarayu:
Baba, a gafarce ni, amma yarinyar da ba ta taɓa magana a gaban jama'a ba, idan aka ce ta fara da harshen da take tsoro, ba za ta tashi ba sam. Malam, ka kuma tuna cewa duk abin da ka sa bayan an tashi makaranta, 'yan mata ne za su fara rasa shi, domin ana jiransu a gida. Ka nemi shugabanku ya ba ka darasi biyu na ƙarshe a ranar Laraba ko Alhamis, a cikin lokacin makaranta. Ka kuma gaya mana ko makarantar taku haɗe take da maza da mata, domin shawarar da zan ba ka a kan wasan kwaikwayo ta dogara da wannan.